Inna da Gaurakin Gonar Alhaji

Sana'ata ɗaukar hoto. Shagona yana bakin hanya a unguwar Zango cikin Wagadugu, tsakanin mai gyaran moto, wato babur, da wata mata mai sayar da zomkom, ruwan garin gero mai sanyi, kuma shekara da shekaru abin da nake ɗauka bai wuce amare, jarirai ranar suna, da fuskokin masu neman katin shaida ba. Na saba ba mutane umarni. In ce wa babban mutum ya ɗaga haɓa, ya ɗaga. In ce wa amarya ta daina ƙifta ido, ta daina. Ban taɓa kawo wa raina akwai abin da zan auna da kyamara ya ƙi tsaya mini ba.

Wata rana da kaka, an gama yankan gero, wani Alhaji da muke salla masallaci ɗaya ya leƙo shagon. Mutumin Tawa ne, fataucin shanu yake yi, yana kai wasu mahauta a Kossodo, wasu kuma ya loda su zuwa Gana. Yana da gona kudu da Wagadugu, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a moto, ya kewaye ta da waya yana kiwo a ciki.

"Mai hoto, so nake ka zo ka ɗaukar mini bijimai," ya ce. "Mutanen Kumasi sun ce in na tura musu hoton da na ɗauka da wayata, sai su ga kamar awaki nake talla."

Na je ranar Asabar. Gonar ta fi yadda na zata girma. Akwai itatuwan kaɗanya da ɗorawa da ba a sare ba, sannan can ƙasa, inda wani rafi yake bi da damina, Alhaji ya sa an yi ɗan baraji ya tare ruwa, ya zama tabki. Nan makiyayansa suka koro mini bijiman. Ina durƙushe ina neman yadda tozon wani farin bijimi zai fito sosai, sai na ji fuka-fuki a bayana. Na juya. Wasu manyan tsuntsaye biyu ne suka tashi daga cikin ciyawar bakin ruwa, masu dogon wuya, farin fiffike, da wani abu kamar tsintsiyar zinariya a ka. Hannuna ya danna kyamara kafin in yi tunani. Kafin in gyara tsayuwa sun haye itatuwa.

Mahaifiyata tana zaune tare da mu a gida. Inna muke ce mata, ita kuma Auta take ce mini ko da yake furfura ta fara fito mini. Daga wani ƙauye kusa da Ƙonni aka kawo ta Wagadugu tana amarya, ta yi shekaru tana sayar da kayan miya a gefen kasuwar Rood Woko, har gwiwoyi suka zaunar da ita. Da yamma nakan zauna kusa da tabarmarta in riƙa duba aikin ranar, ita kuma tana leƙe tana sharhi a kan ɗaurin ɗankwalin amaren mutane. Ranar sai bijimai take gani, tana hamma. Da muka iso hoton tsuntsayen, wanda duk ya dushe, ba a ganin komai sai inuwa biyu da ɗan rawaya a sama, ta riƙe mini hannu.

"Koma baya. Ƙara girmansa."

Na ƙara.

"Gauraka!" ta ce. "Auta, gauraka ne wannan! A ina ka gan su?"

Ban taɓa jin sunan ba sai a bakin tsofaffi, ban kuma san kamarsa ba. Ni haihuwar birni ne. Tsuntsayen da na sani su ne ungulu a bayan mahauta, hankaka, da tantabarun maƙwabta. Inna ta gyara zama, ta buɗe baki ta yi wani irin kuka mai kama da ƙahon tsohuwar mota, har matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta ce haka suke yi. Ta ce a fadamar ƙauyensu, in ruwan farko ya sauka, sai su zo biyu-biyu su yi rawa, yara su kwanta a kan tudu suna kallo. Rabonta da ganinsu tun kafin a haifi babbar yayata.

Ta sake duban hoton, ta taɓe baki.

"To amma wannan ai hayaƙi ka ɗauko. Kai da kake cewa duk Zango babu mai hoto kamarka?"

Maganar ta shige ni. Washegari bayan sallar azahar na tari Alhaji a ƙofar masallaci, na ce ina neman izinin in riƙa shiga gonarsa ina ɗaukar tsuntsaye. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Tsuntsaye? Wa ya aiko ka, Nasara?"

"Inna ce ta aiko ni."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce in shiga duk ranar da na ga dama, sharaɗinsa uku: in rufe ƙofa bayana, kada in firgita shanu masu ciki, kada kuma in kawo kowa da bindiga ko danƙo, don ya hana harbi a gonar tun ranar da ya saye ta.

Sau uku na je na dawo da hoton wutsiya da reshe. Ina da dogon gilashin nan da muke ce wa zum, wanda nake amfani da shi wajen ɗaukar ango daga nesa, amma tsuntsu ba ango ba ne. Da na sanɗo, sai su tashi. In na zauna a gindin itace, sai su sauka can ɗaya gefen tabkin, su juya mini baya. Duk wannan wahala da nake sha, akwai wanda yake kallona daga ƙarƙashin wata tsamiya. Mai gadin gonar ne, wani dogon tsoho ɗan Mosi, siriri, da ɗan gemu fari. A zuwana na uku ya yafuto ni. Da More, yarensu, muka yi magana, don ba ya jin Hausa sai gaisuwa.

"Ɗana, biki za ka?"

Na dubi kaina. Farar shadda ce a jikina, da takalmi mai ƙara, ga turaren da na saba fesawa kafin in fita.

"Tun kana bakin ƙofa fakara ta gaya wa kowa ka iso," ya ce. "Ni na yi shekara talatin ina farauta kafin in ajiye bindiga. Ba a bin tsuntsu. Kai za ka zauna, shi ya zo."

"To Baba, ai na zauna, ba su zo ba."

"Ka zauna suna ganinka. Ka dawo jibi da zana huɗu da igiya."

Na ɗauro zana huɗu a bayan moto tun daga Wagadugu, mutane suna tambayata ko rumfa zan kafa. Tsohon ya zaga tabkin da ni a hankali, yana duba sawu a laka da kashin tsuntsaye a kan duwatsu. Ya zaɓi wani wuri a gabas da ruwan, ya ce da safe rana za ta kasance a bayana, ta haska su, ni kuma ta ɓoye ni. Muka kafa sanduna, muka kewaye da zana, muka rufe sama da ganyen giginya. Ya yanka ƙaramar taga daidai tsayin kyamara in ina zaune, da wata 'yar kafa a gefe ta leƙe. Sannan ya sari wani busasshen reshe mai kyan lanƙwasa, ya dasa shi a bakin ruwa, taku goma daga bukkar.

"Wannan fa?"

"Kujerar baƙi. Kafin tsuntsu ya sha ruwa yana son wurin da zai tsaya ya duba."

Na ce to bari in shiga in gwada. Ya ce a'a, in tafi gida, kada in dawo sai bayan kwana bakwai. Sai bukkar ta zama kamar suri ko kututture a idonsu, abin da suka saba gani.

Ranar da na dawo, da tsohuwar rigar aiki mai ruwan ƙasa wadda na ara wurin mai gyaran moto, ya koya mini wata dabara da har yau nake mamakinta. Ya ce mu shiga bukkar mu biyu, sannan shi ya fito ya tafi yana tari yana jan ƙafa yadda kowa zai gan shi. Ya ce tsuntsu ba ya lissafi. Ya ga mutum ya shiga, ya ga mutum ya fita, shi ke nan, a wurinsa bukka babu kowa.

Zaman farko bai yi daɗi ba. Ƙafata ta mutu, tururuwa suka gano ni, gumi yana bin bayana. Na yi kusan awa ɗaya babu abin da ya motsa. Can sai kurciyoyi suka fara sauka ɗaya-ɗaya, suna tafiya suna gyaɗa kai. Na sa ido a kyamara, na fara juya zum a hankali. Daidai nan wayata ta ɗauki ƙara a aljihu. Wata mata ce daga Bilbalogho take tambaya ko hotunan sunan jikanta sun fito. Kafin in kashe, bakin ruwa ya zama wayam. Daga can ƙarƙashin tsamiya na jiyo dariyar tsohon.

Amma mako na gaba, da wayar a kashe cikin akwatin moto, abin ya buɗe mini. Ban san yadda zan faɗa ba sai dai in ce ranar ce na fara ganin tsuntsu. Kurciya ta tsaya a kan reshen nan, kusa da ni har ina ganin jan zoben da ke kewaye da idonta. Fakara ta fito daga ciyawa tana duba hagu da dama, sai ga 'ya'yanta biyar suna bin ta a guje kamar an jefo ƙwallayen auduga. Zalɓe ya tsaya cikin ruwa da ƙafa ɗaya ya fi minti ashirin, ni ma na tsaya da shi, har ya caki kifi. Wata cilakowa kuwa a kan rufin bukkar ta sauka, ina jin takunta a saman kaina, ta leƙo da dogon bakinta ta cikin ganye, muka haɗa ido. Na danne dariya har hawaye ya zubo mini. Da na fito rana ta take, bayana ya ƙage, amma na hau moto ina waƙa har gida.

Daga nan Asabar ta zama ta gona, in dai babu biki. Daren Asabar kuwa, bayan magariba, ya zama na Inna. In jona kyamara da talabijin, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ita ta zauna gaba da gilashinta. Ni in nuna, ita ta raɗa suna.

"Kirinjijiya. Ka ji kukansu kamar fito, ko? Wannan ɗinya ce. Wannan carki, mai cire wa shanu kaska. Kai, ragon maza! Dube shi, ko tashi ba ya son yi."

Maƙwabcinmu, wani Bakano mai sayar da atamfa, ya fara shigowa kallo, ya kuma fara gardama. In Inna ta faɗi suna, ya ce su a Kano ba haka suke cewa ba. Ta ce masa mutumin da ya girma cikin kantin yadi ina ya san tsuntsu. Su yi ta yi, yara suna dariya. 'Ya'yana, waɗanda rabin maganarsu Faransanci ne, suka fara haddace sunayen suna tsokanar juna da su. Babbar har yau ragon maza take ce wa ƙanenta in ya ƙi tashi da safe.

Sau ɗaya kawai aka ci Inna. Na ɗauko wani shuɗin tsuntsu mai doguwar wutsiya, bayansa ruwan ƙasa, shuɗinsa kamar an tsamo shi daga marina. Ta dube shi, ta buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Ta ce ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta, a kan karan dawa yake tsayawa. Bakanon ma bai san sunan ba. Ta kwana da abin, ta tashi da shi. Kwana uku bayan haka, ina shago ina ɗaukar wani ɗan makaranta hoton kati, sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ko sallama babu.

"Tsanwaka!" ta ce, ta kashe.

Gauraki dai ba su dawo ba. Rani ya wuce, bazara ta shigo, tabkin ya janye har sai da muka matsar da bukkar sau biyu. Zafi ya sa tsuntsaye suka yawaita a bakin ruwa, na samu hotunan da ban taɓa mafarki ba, amma duk Asabar in Inna ta gama kallo sai ta ce, "Su fa?" In ce ba su zo ba. Tsohon mai gadi ya ce kada in damu, duk shekara da ruwan farko suke zuwa, kuma shi zai fara jin su.

Ruwa ya sauka sau biyu a Wagadugu, shamuwa suka bayyana a kan dogayen itatuwa. Wata Laraba da hantsi tsohon ya kira ni da wayar ɗaya daga cikin makiyaya. Ya ce kwana biyu ke nan suna sauka da sassafe, su biyu, a gefen da sabuwar ciyawa ta tsiro. Na koma gida da saurina na gaya wa Inna, ina cewa in Allah ya yarda ranar Asabar za ta ga hotonsu.

"Wane hoto?" ta ce. "Ai da ni za ka."

Na zata wasa take yi. Na ce hanya ba ta da kyau, moto ba zai yi mata ba, ga gwiwa, ga zama na awoyi babu motsi babu magana.

"Inna, ke da ko a wurin wa'azi sai kin yi wa ta kusa da ke raɗa?"

"Auta, na yi gadin gero daga safe har yamma tun ubanka bai san ni ba. Kai za ka koya mini zama?"

Babbar yayata ta zo daga gidanta musamman don ta hana. Ta ce me mutane za su ce, tsohuwa a cikin daji tana leƙen tsuntsaye. Inna ta ce su ce ta je ganin halittar Allah. Da labari ya kai kunnen Alhaji, shi ya raba gardamar. Ya ce shi da kansa zai kai mu da motarsa ta ɗaukar kaya, Inna a gaba, don yana son ya ga ƙarshen wannan al'amari. Ya kuma aika wa tsohon ya faɗaɗa bukkar.

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba motar ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta fito cikin leshinta na Salla, fari tas mai walƙiya, da sarƙa da awarwaro. Na riƙe kai.

"Inna, na ce miki kaya masu duhu."

"Baƙi zan je gani. Da tsumma zan tarbe su?"

Matata ce ta yi dabara, ta ɗauko wani babban mayafi mai ruwan ƙasa ta lulluɓe ta da shi daga kai har ƙafa, ta kuma lallashe ta ta cire awarwaron. Muka ɗora 'yar kujerarta ta katako a baya, muka kama hanya. Gari yana wayewa muna fita daga kwalta. Ƙasa ta jiƙa, ƙanshinta yana shigowa ta taga, manoma sun fito da garma da jakuna. Inna sai kallo take yi, hannunta a kan ƙofar mota. Na tuna ta yi shekaru ba ta wuce iyakar gari ba sai in asibiti ko gaisuwar mutuwa.

Tsohon yana jiran mu a ƙofar gona. Ya cire hula ya gaishe ta, ta amsa masa da Morenta na kasuwa, suka yi ta jera gaisuwa kamar sun san juna tun da. Alhaji ya matsa da motar iya inda za ta iya zuwa, sauran muka taka a hankali, ina riƙe da ita a hannu ɗaya, tsohon yana ɗauke da kujera. Ya yanka mata tata tagar daidai idonta, ya kuma shimfiɗa buhu a ƙasa saboda laima. Mu huɗu muka shiga, muka cika bukkar maƙil, sannan shi da Alhaji suka fita suna hira da ƙarfi. Inna ta dube ni da alamar tambaya. Na raɗa mata dalilin. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Daga nan ban ƙara jin motsinta ba. Na rantse ban taɓa ganin mutum ya zauna haka ba. Carbinta yana hannu amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙara. Hasbiyoyi suka sauka, balbelu suka jeru a gefen ruwa, marai suna ta kai da kawo da zaren ciyawa a baki suna saƙa gidajensu a kan wata ƙaya da ta sunkuyo kan tabkin. In sabon tsuntsu ya zo, sai in ga leɓenta yana motsi, tana faɗin sunansa babu sauti. Wanda ya yi atishawa ya kori garken zabin daji da suka kusa isowa gabanmu, ni ne. Ta juyo ta harare ni, irin hararar da rabona da ita tun ina makarantar allo.

Rana ta ɗaga. Na fara jin nauyi a zuciya, ina tunanin yadda zan mayar da ita gida ba ta ga abin da ta zo gani ba. Sai ta ɗaga yatsa ɗaya. Ni ban ji komai ba tukuna. Can daga kudu, sama-sama, sai ga kukan nan, daidai yadda ta yi shi a tsakar gida, ba ragi ba ƙari.

Suka zagayo tabkin sau ɗaya, ƙafafu a miƙe, suka sauka a kan sabuwar ciyawa, bai fi taku talatin daga inda muke ba. Rana tana bayanmu, ta faɗa kan tukkun nan nasu, kowane sili yana ƙyalli. Kumatunsu fari da ja-ja, goshi baƙi kamar ƙaramin rawani na karan-miski. Suka yi ta kiwo, suna taku ɗaya-ɗaya suna buga ƙasa da ƙafa don ƙwari su tashi. Ina ta dannawa, ina addu'a kada ƙarar kyamara ta dame su.

Sai ɗayan ya tsaya, ya sunkuyar da kai gaban ɗayan, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Ya buɗe fuka-fukai, ya daka tsalle sama, ya sauko a hankali kamar ba shi da nauyi. Ɗayan ta amsa. Suka shiga zagaya juna, suna tsalle, suna rusunawa, ɗaya ya tsinci guntun kara ya wurga sama ya cafe. Inna ta damƙe mini dantse da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana girgiza ni, kyamara tana rawa a hannuna. Na so in ce ta sake ni, na juya, na ga fuskarta. Bakinta a buɗe, babu gilashi, ta cire shi ta riƙe, idanunta sun cika da ruwa, tana dariya marar sauti. Na bar mata hannun. Na ci gaba da ɗauka da ɗayan, yadda ya samu.

Da suka gama rawar suka koma kiwo, Inna ta kasa haƙuri. Ta kai baki tagar, ta yi musu kukansu da ƙarfi. Na ce shi ke nan, sun tafi. Amma ba su tashi ba. Suka miƙe wuya su biyu, suka dubi bukkar, suka karkata kai. Namijin ya amsa sau ɗaya. Sannan suka juya, suka yi tafiyarsu a ƙasa, a natse, har ciyawa ta rufe su.

"Ya amsa mini," ta ce. "Auta, ka ji? Ya amsa mini."

"Na ji, Inna."

"To tashe ni, ƙafar nan ba tawa ba ce kuma."

A ƙarƙashin tsamiya muka karya kumallo. Matata ta ɗauro mana benga a kwano, shinkafa da wake da mai da yaji, makiyaya suka kawo madarar da aka tatso da safen. Alhaji ya karɓi kyamara yana duba hotunan, yana cewa shekara nawa yana da gonar nan bai san ana irin wannan biki a cikinta ba. Da yawa sun girgiza, amma akwai guda shida da suka fito tsaf, ɗaya namijin yana sama, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba, karan da ya wurga yana gefen bakinsa. Inna da tsohon kuwa sun manta da mu. Tana ba shi labarin yayanta da ya taɓa tsintar ɗan gauraka mai karyayyen fiffike, ya yi jinyarsa, tsuntsun ya riƙa bin sa har gona kamar kare. Inda Morenta ya ƙare sai ta cika da hannu, shi kuma yana gyaɗa kai yana ƙara mata goro. Da za mu tafi ta ce masa barka, wato na gode da More, ta sa masa albarka da Hausa doguwa, ya amsa da amin duk da bai ji rabinta ba.

A hanya ta yi barci, kanta a jingine da gilashin mota. Amma muna isa gida, ko mayafin ba ta cire ba, ta ce in kawo wayata in danna mata wurin da ake aika murya. Ƙanwarta, innarmu ƙarama, tana can ƙauyensu har yanzu, jikanta yana da waya. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu kamar kwano, ta fara da gaisuwa ta gida-gida, sannan ta shiga labari: bukka, tsoho, Alhaji, rawa.

"Sun fi goma," ta ce wa wayar. "Fili ya cika da su."

"Inna, biyu ne fa."

Ta ɗaga yatsa daga wayar, saƙon ya tafi haka.

"Kai idonka yana cikin ƙarfe, me ka gani?"

Amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar, don sai jikan ya hau tudu yake samun layi. Muka taru muka saurara. Muryar innarmu ƙarama ta fito, siririya, da kukan awaki a bayanta. Ta amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gwiwa, ta tambayi yara. Sannan ta ce ita dai ba ta yarda ba sai ta gani da idonta, don ta san yayarta tun suna yara, in ta ga fara uku sai ta ce gari ya yi duhu. Inna ta yi dariya har ta ƙware, matata tana bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta nuna ni da carbi.

"Aika mata. Wanda yake sama ɗin nan za ka fara aikawa."